Sa Idon Malamai a Kan Laburaren Jami'a

A tsarin tafiyar da galibin jami'o'in Nijeriya, laburare ba ya cin gashin kansa. Yana da shugabansa, wanda ake lissafawa cikin manyan jami'an makarantar tare da Shugaban Jami'a da mataimakansa da Magatakarda da Ma'aji, amma a gefensa akwai wani kwamiti da Majalisar Dattawan Jami'a take kafawa domin ya sa ido a kan harkokin laburaren. Yawancin 'yan wannan kwamiti malamai ne masu koyarwa, kowace tsangaya da wakilinta, kuma sau da yawa Shugaban Jami'a ko mataimakinsa mai kula da harkokin karatu ne yake jagorantar zamansa. A rubuce, aikin kwamitin shi ne ba da shawara a kan littattafai da mujallun da za a saya, da yadda za a raba kuɗin sayen tsakanin tsangayoyi, da duba ƙa'idojin aro da lokutan buɗewa da rufewa, sa'an nan ya kai wa majalisar rahoto. Kwalejojin ilimi ma suna da makamancin wannan kwamiti a ƙarƙashin hukumarsu ta harkokin karatu.

Akwai masu ganin wannan tsari shisshigi ne, kuma hujjarsu ba ta yarwa ba ce. Aikin laburare fanni ne mai zaman kansa, wanda ake karantawa har zuwa digiri na uku. Ibadan ta fara horar da ma'aikatan laburare tun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a 1968, a 1995 kuma aka yi dokar kafa majalisar da ke yi wa ƙwararrun wannan fanni rajista. To, in ji masu wannan ra'ayi, da wane dalili ne malamin ilimin sinadarai ko na adabi, wanda bai taɓa koyon yadda ake ba littafi lamba ba, zai zauna ya tsara wa ƙwararre aikinsa? Ai ba a taɓa kafa wa likitan asibitin jami'a kwamitin malamai domin su zaɓar masa allurar da zai yi wa marar lafiya ba.

Sai dai wannan kwatanci bai zauna daidai ba. Asibiti hidima ce da jami'a take yi wa mutanenta, shi kuwa laburare wani ɓangare ne na koyarwar kanta. Abin da ke kan kantocinsa shi ne yake shata iyakar abin da malami zai iya cewa ɗalibi ya je ya karanta, kuma shi ne yake shata iyakar abin da ɗalibin zai iya kawowa domin ya yi wa malamin nasa gardama. Ma'aikacin laburare ya san hanyar samo littafi da adana shi da ajiye shi inda za a gan shi. Ya san, alal misali, cewa a tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'in ƙasar nan da dama suke bi, littattafan harshen Hausa suna zama ne a rukunin da ake yi wa alama da PL. Abin da ba lallai ne ya sani ba shi ne darajar kowane littafi a cikin fanninsa. Littafin koyar da aikin likita da aka buga a 1934 ya zama kayan tarihi, kuma barin sa a hannun sabon ɗalibi hatsari ne. Amma ƙamusun Bargery, wanda shi ma a 1934 aka buga shi, yana ɗauke da kalmomi sama da 30,000, cikinsu har da na karuruwan harshe da na sana'o'in da suka soma ɓacewa, waɗanda ba kowane ƙamus na baya ya sake kawo su ba. Fitowar ƙamusun Abraham a 1949 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006 ba ta sauke shi daga matsayinsa ba. Wanda ya dubi shekarar bugu da tsufan bango kawai zai iya haɗa littattafan nan biyu ya kai su sito rana ɗaya. Malamin Hausa ne zai ce a dakata.

Muhimmancin wannan sa ido ya fi fitowa fili a lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, domin a lokacin yalwa kowa gwanin zaɓe ne. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, kuma laburaren jami'a yana iya biyan kuɗin mujallun ƙasashen waje ba tare da wani dogon lissafi ba. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta yi ta zubewa, har ya zama a 1993 ana sayen dala ɗaya a kan kusan naira 22 a farashin gwamnati. Littattafan kimiyya da mujallun bincike kuwa kusan duk da kuɗin waje ake sayen su. Ala tilas jami'o'i suka riƙa yanke mujallun da suke karɓa. Duk wanda ya taɓa bin jerin wata tsohuwar mujalla a kan kanta, ya ga kundi na bin kundi shekara da shekaru, sa'an nan kwatsam jerin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1980, ya ga tabon wannan zamani da idonsa. Tambayar da ta taso a lokacin ita ce: idan kuɗin mujallu 100 aka saba biya, yanzu kuma na 20 kaɗai za a iya, waɗanne za a bari? Wannan ba tambayar akanta ba ce, ba kuma ta ma'aikacin laburare shi kaɗai ba ce. Hukunci ne a kan wane bincike zai ci gaba a jami'ar, wane kuma zai tsaya. Irin wannan matsi ya sake dawowa bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, inda dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024.

Ya kamata kuma a tuna cewa kuɗin da suka farfaɗo da laburaren manyan makarantu, malamai ne suka yi fafutukarsu. Yarjejeniyar da Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, wato ASUU, ta ƙulla da Gwamnatin Tarayya a 1992 ita ce ta haifar da ƙa'idar ware wa laburare kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanarwar jami'a na yau da kullum, ko da yake ba a ko'ina aka riƙe ƙa'idar da gaske ba. Daga wannan fafutuka ne kuma aka samu dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu a wancan lokaci. Asusun da aka kafa da harajin shi ne aka sake wa fasali a 2011 ya koma TETFund, aka taƙaita aikinsa ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati, kuma bunƙasa laburare yana cikin abubuwan da yake ware wa kuɗi. Abin mamaki ne a ce mutanen da suka rufe azuzuwa watanni domin a samo waɗannan kuɗi, su ne kuma ba su da lokacin zama su ga abin da aka saya da su.

A nan ne ma aka fi bukatar idon malami. Sayen littattafai da kuɗin gwamnati yana bi ne ta hanyar kwangila, shi kuwa ɗan kwangila ɗan kasuwa ne. Idan aka ba shi jerin littattafai, wasu ba zai same su ba, wasu kuma zai ga tsadarsu za ta cinye masa riba, sai ya nemi a yarje masa ya musanya su da waɗanda ke hannunsa. Waɗanda ke hannun nasa kuwa sau da yawa kwantai ne. Ta haka ne ake wayar gari a ga kwafi goma na littafin da babu wani kwas da yake bukatarsa sun cika kanta, alhali littafin da ɗalibai 300 suke rububi kwafinsa ɗaya ne, shi ma an yage masa babi guda. A takarda komai ya cika: an ƙirga katan-katan, an ƙirga kwafi, an sa hannu. Wanda yake koyar da fannin ne kaɗai zai buɗe katan ya ce wannan ba shi aka nema ba, wannan kuma bugu na biyu ne alhali na shida ya fito. Kwamitin da bai tura wakilan sassa su halarci buɗe kaya ba, ya bar mafi girman aikinsa.

Fannin Hausa yana da nasa dalilin na musamman. Littattafan kimiyya suna da kamfanonin da ke tallata su, su aiko da jerin sababbin bugu har ofis. Rubutun Hausa mafi yawansa ba ya bin wannan hanya. Bayan zamanin Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA da kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, sai ɗab'i ya koma hannun marubuta da kansu. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga buga ɗaruruwan ƙagaggun labarai a Kano da wasu garuruwa, ana sayar da su a kasuwa da bakin tasha, yawancinsu ba su da lambar littafi ta duniya, wasu ma ko shekarar bugu ba a sa musu ba. Babu wani dillalin littattafai da zai aiko wa laburare da jerinsu. Sai wani ya taka ya je kasuwa ya sayo, kuma sai ya yi hakan da wuri, domin takardarsu ba mai ƙarko ba ce, in bugu ya ƙare kuma ba lallai a sake shi ba. Ba ƙaramin abin lura ba ne cewa jerin waɗannan littattafai na shekarun 1987 zuwa 2002, wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara, a Jamus aka buga shi a 2004. Haka batun yake ga kaset-kaset na waƙoƙin baka da tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da ƙasidun ajami da ake sayarwa a ƙofar masallaci. Idan wakilin sashen Hausa bai ɗaga murya a kwamiti ya nemi a ware ɗan kuɗin sayen irin waɗannan kai tsaye ba, babu wanda zai yi.

Tarihi ya nuna irin abin da ake samu idan ɓangarorin biyu suka haɗa hannu. A shekarun 1950 wani jami'in laburaren Ibadan, W. E. N. Kensdale, ya tattara rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan, ya kuma fitar da jerinsu. A 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya zauna a Zariya, inda masana tarihi suka bi gidajen malamai suna ɗaukar hoton littattafan hannu. A 1970 kuma aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Masanin tarihi ne ya san wace takarda ce ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko ta Muhammadu Bello, wace ce kuma kwafin baya. Ma'aikacin adana takardu ne ya san yadda za a tsare ta daga gara da laima, a kuma yi mata rajistar da mai bincike zai same ta bayan shekara 50. Da ɗayansu ya yi aikin shi kaɗai, da an yi asarar rabinsa.

Amma labarin littattafan Kano yana da wata fuska da ya wajaba a faɗa, domin tana nuna hatsarin da ke cikin sa idon malamai. A shekarun 1990 malaman Hausa da kansu sun rabu a kan waɗannan littattafai. Wasu sun ɗauke su adabi ne na zamaninsa, wasu kuma sun ga ba su cancanci a kira su adabi ba, aka yi ta muhawara a jaridu. Da a ce wakilin sashe a kwamitin laburare yana cikin ɓangare na biyu, to da wuya ya yarda a kashe ko sisin kwabo a kansu. Ga shi kuwa daga baya an rubuta kundayen digiri masu yawa a kan littattafan nan. Malami mutum ne mai mazahaba a fanninsa, yana da waɗanda yake ganin girmansu da waɗanda yake ganin ba su iya ba, wani lokaci ma yana da abokin hamayya a jami'ar da ke maƙwabtaka da tasa. Ma'aikacin laburare kuwa an horar da shi ne a kan ya tara wa mai karatu na yau da na gobe, ko da shi kansa littafin bai burge shi ba. Saboda haka daidai ne malamai su ce a sayo kaza, amma ba daidai ba ne a ba su ikon cewa kada a ajiye kaza don ba su yarda da abin da ke cikinsa ba. Kuma ya dace a bar wa Shugaban Laburare wani kaso na kuɗin saye wanda zai sarrafa da kansa, domin ƙamusoshi da kundayen sani da fannonin da ba su da mai kare su a teburin kwamiti.

Haka nan akwai iyakar da bai kamata kwamiti ya ƙetare ba ta fuskar gudanarwa. Ɗaukar ma'aikata da raba musu aiki da zaɓen tsarin ba littattafai lamba da irin manhajar kwamfutar da za a yi rajista da ita, duk aikin ƙwararru ne. Kwamiti yana da damar tambayar me ya sa littafin da aka sayo wata shida da suka wuce har yanzu bai hau kanta ba. Ba shi da damar shiga ɗakin rajista ya nuna yadda za a yi.

Babbar matsalar dai ba yawan shisshigi ba ce, ƙarancin kulawa ne. A sassa da dama wakilcin laburare shi ne aikin da ake jefa wa malamin da ya fi kowa ƙanƙanta, wanda ba zai iya cewa a'a ba, kuma ba zai iya buɗe baki a gaban farfesoshi ba. Laburare yakan aika wa sassa takarda yana neman jerin littattafan da suke bukata, takardar ta kwana a tire har wa'adi ya wuce, daga baya kuma a ji malaman sashen suna kukan laburare ba shi da komai. Akwai malamin da zai ari littafi ya ajiye a ofishinsa shekara uku, ma'aikacin da ke kan teburin aro kuwa ba shi da ƙarfin halin tunkarar sa, alhali ɗalibin da ya makara kwana biyu sai ya biya tara. Akwai kuma al'adar sayar wa ɗalibai takardun lacca, wadda jami'o'i da yawa suka haramta amma ba ta mutu ba. Malamin da ya tattara kwas ɗinsa cikin shafi 40, ya kuma nuna wa ɗalibai cewa daga nan jarrabawa za ta fito, ya riga ya gaya musu ba su da bukatar laburare. Da wane baki zai zauna a kwamiti ya yi ƙorafin ɗalibai ba sa karatu? Kwamitin da yake son a ɗauke shi da muhimmanci sai ya fara da 'yan'uwansa: ƙa'idar aro ta hau kan kowa, kuma kowane kwas ya miƙa wa laburare jerin abin karantawarsa kafin zangon karatu ya fara.

Lokacin tantance kwasa-kwasai ma wani ma'auni ne. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, duk suna duba laburare kafin su amince da kwas. Sanannen abu ne cewa a wasu wurare, idan masu tantancewa sun kusa zuwa, akan tattaro littattafai daga ofisoshin malamai da gidajensu a jera, baƙi na juya baya kowa ya kwashe nasa. Wannan kwalliyar ba ta ruɗin kowa sai ɗalibin da zai zo washegari ya tarar da kanta wayam. Malaman da suka ba da aron littattafan sun san gaskiyar lamarin fiye da kowa, kuma su ne suke da kujera a majalisar da za a iya faɗar ta.

Shigowar intanet ba ta rage wannan nauyi ba, sauya masa kama ta yi. Tun farkon shekarun 2000 aka buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi hanyoyin karanta dubban mujallu kyauta ko a farashi mai sauƙi, irin su HINARI ta fannin lafiya a 2002 da AGORA ta fannin noma a 2003, ga kuma rumbuna irin su JSTOR da ake shiga ta hanyar rajistar makaranta. Amma rumbun da aka yi wa rajista ba a ganin sa a kan kanta. Yana iya shekara guda babu wanda ya shiga, ko don ba a sanar da malamai kalmar shiga ba, ko don babu wuta a ɗakin kwamfuta, ba kuma wanda zai lura. Kamfanonin da ke da waɗannan rumbuna suna ba da alƙaluman yawan shiga da saukewa, kuma ya kamata kwamiti ya nemi a kawo masa su kafin a sabunta kowace rajista. Haka kuma kundayen digiri, waɗanda su ne dukiyar da jami'a ta samar da kanta kuma ba a sayen su a ko'ina, suna bukatar a ɗauki hotonsu a adana a kwamfuta. Gobarar da ta cinye laburaren Jami'ar Jos a watan Oktoba na 2016 ta nuna cewa abin da yake kwafi ɗaya a ɗaki ɗaya yana iya tafiya cikin dare guda. Littafin da aka buga a Landan ana iya sake sayo shi; kundin da ɗalibi ya rubuta a kan waƙoƙin wani makaɗin ƙauye da ya riga ya rasu ba shi da na biyu.

Wani gyara da ba ya cin kuɗi shi ne a bar ɗalibai su san abin da kwamitin yake yi. Su ne mafi yawan masu amfani da laburare, su ne suka san ƙarfe nawa ake fara kashe fitila, da wace fanka ce ta shekara ba ta juyawa, da wane littafi ne ake ɓoyewa a bayan kantar wani fanni domin kada wani ya riga mai ɓoyewar. Malami mai ofis da kwamfutarsa ba ya ganin waɗannan. Wasu jami'o'i suna ba wakilin ɗalibai kujera a kwamitin, kuma babu abin da zai hana kwalejojin ilimi yin haka, tare da liƙa jerin littattafan da aka sayo a kowane zango a allon sanarwa na kowane sashe, da sunan malamin da ke wakiltar sashen, domin wanda ya nemi littafi ya rasa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.